Zoben Baiko Na Lu'ulu'u: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani Kafin Ya Biya Kuɗi

A 'yan shekarun nan, al'adar bai wa budurwa zoben baiko mai dutsen lu'ulu'u, wanda 'yan kasuwa ke kira daimon, ta sami gindin zama a manyan biranen Nijeriya irin su Legas da Abuja da Fatakwal. Al'ada ce ta Turai da Amurka, amma yanzu ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suna ɗaukar ta tamkar wani ɓangare na hidimar aure, wasu kuma kan haɗa zoben cikin kayan lefe. Kuɗin da ake kashewa ba kaɗan ba ne, domin dutse ɗaya wanda bai kai ƙwayar wake girma ba yana iya cin miliyoyin naira.

Matsalar ita ce akasarin masu saye suna shiga kantin lu'ulu'u ne da ilimin da suka samu daga cinikin zinariya, alhali kuwa kasuwannin biyu ba su da kama ko kaɗan. Zinariya tana da farashi ɗaya a duniya wanda kowa ke iya dubawa kullum, kuma duk ranar da mai ita ya so zai mayar da ita kuɗi. Shi lu'ulu'u kowane dutse da nasa farashin, mai sayarwa ya fi mai saye sanin kayan nesa ba kusa ba, kuma wanda ya fito da shi daga kanti da wuya ya sake ganin kuɗinsa cikakku. Saboda haka matakin farko na sayayya cikin hikima shi ne mutum ya san cewa kashe kuɗi yake yi, ba ajiya ba. Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yadda Aka Gina Kasuwar

Masana tarihi kan ambaci shekarar 1477, lokacin da Yarima Maximilian na Austiriya ya bai wa Mary ta Burgundy zobe mai lu'ulu'u, a matsayin ɗaya daga cikin misalan farko na wannan al'ada. Amma shekaru ɗaruruwa bayan nan abin bai wuce gidajen sarauta da na attajirai ba, saboda dutsen yana da wuyar samu, akasari daga Indiya da Birazil yake fitowa. Al'amarin ya canza bayan da aka gano shi a Afirka ta Kudu a 1867, aka kuma buɗe manyan ramukan Kimberley a 1871. Nan da nan kaya suka yi yawa, masu haƙa suka ga farashi na shirin karyewa. Wannan ne ya sa Cecil Rhodes ya haɗe kamfanonin wuri guda a 1888, aka sami kamfanin De Beers, wanda ya riƙa saye yana ɓoyewa, yana sakin kaya kasuwa kaɗan-kaɗan. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 wajen kashi 80 cikin ɗari na ɗanyen lu'ulu'un duniya ta hannunsa yake bi.

Riƙe kaya kaɗai bai isa ba, sai da aka ƙirƙiro masu buƙata. A 1938 kamfanin ya ɗauki hayar kamfanin talla na N.W. Ayer da ke Amurka, wanda ya shiga cusa wa jama'a ta hanyar jaridu da finafinai cewa baiko ba ya cika sai da lu'ulu'u. A 1947 wata ma'aikaciyarsu mai suna Frances Gerety ta rubuta taken tallar nan da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Taken ya yi aiki biyu: ya sa maza sun saya, ya kuma sa mata ba sa sayarwa, don haka tsofaffin duwatsu ba su dawo kasuwa sun karya farashin sababbi ba. Ƙa'idar nan da ake yawan ji, cewa ango ya kashe albashinsa na wata 2 a kan zobe, ita ma daga tallar kamfanin ta fito a shekarun 1980. A Japan ma wata 3 aka ce musu. Ɗan jaridar Amurka Edward Jay Epstein ya nuna a 1982 cewa a Japan ɗin, amaren da ake bai wa zoben lu'ulu'u ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba a 1967, amma zuwa 1981 sun kai wajen kashi 60.

Amfanin wannan tarihi ga mai saye shi ne ya gane cewa babu wata doka ko tsohuwar al'ada da ta yanke masa abin da zai kashe. Mai sayar da kaya ne ya tsara lissafin. Abin da ya dace shi ne mutum ya yanke wa kansa iyaka tun kafin ya fita daga gida, bayan ya ware kuɗin haya da na sadaki da na biki, kuma kada ya taɓa jarin kasuwancinsa ko ya ci bashi mai ruwa saboda zobe.

Dalilin Da Ya Sa Ba Ya Riƙe Kuɗi

Kafin dutse ya iso kanti ya bi hannaye da dama. Daga ramin haƙa a Botswana ko Rasha ko Kanada ko Angola, sai kasuwannin ɗanyen dutse na Antwerp da Dubai, sai birnin Surat na Indiya inda ake yanka da goge wajen kashi 90 cikin ɗari na duwatsun duniya, sai 'yan sari, sannan mai kanti. Kowanne yana ɗora ribarsa, mai kanti kuma yana ƙara kuɗin haya da albashi da haraji. Ranar da mai zobe ya koma sayarwa, dillali ba zai biya shi fiye da abin da zai sami irin dutsen a wajen ɗan sari ba, kuma zai rage wani abu saboda bai san ranar da zai sami mai saye ba. Shi ya sa sau da yawa tayin ba ya wuce rabin kuɗin da aka biya, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Faɗuwar darajar naira takan ɓoye wannan asara. Alal misali, a ce mutum ya sayi zobe a kan dala 5,000 a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wato naira miliyan 2.3 ke nan. A 2024, bayan dala ta haura naira 1,500, aka taya zoben dala 2,500, wato naira miliyan 3.75. A ido sai ya ga kamar ya ci riba, alhali da ya bar dalolinsa a ajiye da sun zama naira miliyan 7.5. Da zinariya ya saya kuwa da ya fi haka samu, domin farashinta da yake wajen dala 1,900 kowace oza a farkon 2023 ya wuce dala 3,000 a Maris na 2025, ya kuma wuce dala 4,000 a Oktoba na 2025.

Ko a kasuwar duniya ma farashin lu'ulu'u yana faɗuwa. A 1980, lokacin da masu zuba jari suka yi masa rububi, dutse mai karat 1 mafi daraja ya haura dala 60,000, amma cikin shekara 2 ya koma ƙasa da dala 20,000. Haka nan bayan tashin da farashi ya yi a farkon 2022 sai ya riƙa sauka, har ta kai masu yanka na Indiya sun dakatar da shigo da ɗanyen dutse na wata 2 a ƙarshen 2023 don kaya su ragu a hannunsu. A Mayu na 2024 kamfanin Anglo American, mai kashi 85 cikin ɗari na De Beers, ya ba da sanarwar niyyarsa ta rabuwa da shi. Shi kansa De Beers rabonsa a kasuwa ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, ba shi da ƙarfin tallabe farashi irin na da.

Ma'aunai Huɗu Na Daraja

Cibiyar Nazarin Duwatsu Masu Daraja ta Amurka, wato GIA, wadda aka kafa a 1931, ita ce ta fito da tsarin auna lu'ulu'u a 1953, kuma da shi ake ciniki a ko'ina. Abubuwa 4 ake dubawa: nauyi, launi, tsabta da kuma yanka.

Nauyi ana auna shi da karat, kuma karat 1 daidai yake da giram 0.2. Wannan karat ɗin daban yake da na zinariya, wanda ke nuna yawan zinariya tsantsa a cikin ƙarfe. Farashin dutse shi ne nauyinsa sau farashin karat, amma shi farashin karat ɗin yana hawa ne yayin da dutse ke ƙara girma, domin manyan duwatsu sun fi wuyar samu. Don haka dutse mai karat 1 ya fi duwatsu 2 masu rabin karat tsada sosai. Jadawalin farashi na Rapaport, wanda 'yan sari ke dogaro da shi tun 1978, ya kasa duwatsu rukuni-rukuni, farashin karat kuma yana tsalle ne a bakin kowane rukuni, kamar 0.50 da 0.70 da 0.90 da 1.00 da 1.50. A nan mai lura zai sami rangwame. Dutse zagayayye mai karat 1 faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, mai karat 0.90 kuwa wajen milimita 6.2. Ido ba ya raba su a yatsa, amma aljihu yana rabawa. Wajibi ne kuma a tambaya ko nauyin da aka faɗa na dutsen tsakiya ne shi kaɗai, ko kuwa an haɗa da ƙananan da ke kewaye da shi. Zobe mai ƙananan duwatsu 20 waɗanda jimlarsu karat 1 ce bai ko kusa da darajar mai dutse ɗaya na karat 1 ba.

Launi ana ba shi haruffa daga D zuwa Z. Harafin D shi ne fari fat kamar ruwa, yayin da ake gangarawa kuma sai dutse ya riƙa ɗaukar ruwan ɗorawa. Daga D zuwa F ana ce musu marasa launi, daga G zuwa J kuma na kusa da su. Masu aunawa sai sun kifa dutse a kan farar takarda, a ƙarƙashin haske na musamman, sun jera shi da duwatsun gwaji, kafin su raba harafi da harafi. Idan an ɗora dutse a zobe, mutum na gari ba zai iya bambanta D da G ba. Wanda zai ɗora dutsensa a kan jar zinariya ma yana iya sauka har I ko J, tunda launin ƙarfen zai shiga cikin dutsen ko da wane harafi ne.

Tsabta tana nufin yawan tabo da ɗigo da tsaga da ke cikin dutse idan an dube shi da madubin da ke ƙara girma sau 10. Matakai 11 ne, daga FL wanda ba shi da aibi ko kaɗan, sai IF, sai VVS1 da VVS2, sai VS1 da VS2, sai SI1 da SI2, sannan I1 zuwa I3. Daga VS2 zuwa sama da wuya ido ya ga wani tabo, kuma duwatsun SI1 da yawa haka suke. Biyan kuɗin VVS biyan kuɗin abin da sai da madubi ake gani ne. Matakan I kuwa a yi hattara da su, domin tabonsu a fili yake, kuma tsagar da ta kai bakin dutse tana iya sa ya fashe.

Yanka shi ne ma'aunin da bai kamata a yi rowa a kansa ba, domin shi ke kawo walƙiya. Lu'ulu'u ba ya haske da kansa. Hasken da ya shiga ta sama ne yake karo da fuskokin ƙasa ya dawo ido. Idan an yanka dutse da zurfi fiye da kima, ko kuwa an baje shi, hasken sai ya zurare ta ƙasa, dutsen ya yi dishi-dishi. Marcel Tolkowsky ne ya fitar da lissafin kusurwoyin a 1919, kuma a kansa aka gina yankan zagaye mai fuskoki 57 ko 58. Tun 2006 GIA ke bai wa irin wannan yanka matakai 5, na ƙoli shi ne wanda takarda ke rubuta Excellent, sai mai bi masa Very Good. Masu yanka sukan bar wa dutse kauri a ƙugu ko a gindi don kawai ya cika karat 1, saboda haka idan aka ga dutse mai karat 1 amma faɗinsa bai wuce milimita 6.1 ba, to mai saye yana biyan kuɗin nauyin da ke ɓoye ne. Sauran siffofi, kamar mai siffar ƙwai ko mai kusurwa huɗu, yawanci sun fi zagayayye sauƙi, domin ba a asarar ɗanyen dutse da yawa wajen fitar da su.

A dunƙule, dutse mai kyakkyawan yanka, launi G ko H, tsabta VS2 ko SI1, nauyi ɗan ƙasa da cikon lamba, zai yi kyan gani daidai da wanda ya ninka shi kuɗi.

Takardar Shaida

Duk waɗannan ma'aunai ba su da amfani idan bakin mai kanti ne kawai ya faɗe su. Sayen babban dutse ba tare da takardar wani ɗakin bincike mai zaman kansa ba cinikin biri a sama ne. Takardun da aka fi sani su ne na GIA, da na IGI da HRD waɗanda asalinsu daga Antwerp ne. Ba duka ɗakunan bincike ke da tsanani iri ɗaya ba. A 2014 kamfanin Rapaport ya daina karɓar takardun da ke ɗauke da sunan EGL a dandalin cinikinsa, bisa dalilin cewa wasunsu na ƙara wa duwatsu matsayi. Bambancin harafi 2 a launi da mataki 1 a tsabta yana iya zama bambancin kuɗi mai yawa, don haka dutsen da ya yi araha da takarda maras ƙarfi ba lallai araha ce ba.

Kowace takarda tana da lamba, kuma a mafi yawan duwatsu an zana lambar a ƙugun dutsen da hasken leza. Mai saye ya nemi a nuna masa lambar da madubi, ya kuma shigar da ita a shafin intanet na ɗakin binciken, ya tabbatar nauyi da faɗi da sauran bayanai sun yi daidai da na takardar da ke hannunsa. An sha kama 'yan damfara suna zana lambar dutse na gaske a jikin wani daban, saboda haka a ce a auna nauyi da faɗi a gabansa. Wannan ne ma ya sa ya fi kyau a sayi dutse a sake, a duba shi, sannan a ɗora shi a zobe, domin ƙarfe yana ɓoye tabo da ɓalli.

A lura da wurin da takarda ke bayanin gyara. Akwai duwatsun da ake huda da leza a ƙone baƙin ɗigon da ke ciki, akwai waɗanda ake gasawa da zafi da matsi don launinsu ya yi fari, akwai kuma waɗanda ake cike tsagarsu da wani abu mai kama da gilashi. Duk suna da araha fiye da wanda ba a taɓa ba, kuma na ƙarshen yana iya lalacewa idan maƙeri ya sa masa wuta wajen gyaran zobe. GIA ma ba ta auna irinsa. Har wa yau takardar ɗakin bincike ba ta faɗin farashi. Takardar ƙiyasin kuɗi da wasu kantuna ke bayarwa, mai nuna cewa zoben ya ninka abin da aka biya, an yi ta ne don inshora da kuma faranta ran mai saye. Babu dillalin da zai saya a kan wannan farashi.

Na Haƙa, Na Masana'anta, Da Na Kwaikwayo

Babban canjin da ya sami wannan kasuwa shi ne lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta. Kamfanin General Electric ya fara yin sa a 1954 don aikin injuna, amma sai a shekarun 2010 aka iya fitar da manya masu kyau da yawa kuma da araha, akasari a Sin da Indiya. Wannan ba jabu ba ne. Sinadarin kabon ne tsantsa kamar na haƙa, taurinsu ɗaya, walƙiyarsu ɗaya, kuma ko ƙwararren maƙeri ba zai raba su da madubi ba sai da na'ura ta musamman. A 2018 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta amince a kira shi lu'ulu'u, muddin an bayyana cewa ƙera shi aka yi.

Inda suka rabu shi ne farashi. Abin da masana'anta ke iya ƙarawa ba iyaka, farashinsa yakan gangaro zuwa kusa da kuɗin yin sa. A 2018 De Beers ya buɗe reshe mai suna Lightbox yana sayar da karat a kan dala 800, a 2024 ya rage zuwa dala 500, a Mayu na 2025 kuma ya ba da sanarwar rufe shi, yana mai cewa farashin sari na irin waɗannan duwatsu ya faɗi da kashi 90 cikin ɗari. Daga Oktoba na 2025 GIA ta daina ba su haruffan launi da tsabta, sai dai ta sa su a ɗayan rukuni 2 kawai. Duk da haka sun karɓu ƙwarai, domin binciken kamfanin The Knot ya nuna cewa fiye da rabin zobban baikon da aka saya a Amurka a 2024 na masana'anta ne.

Ga mai son ado da kuɗi kaɗan, na masana'anta zaɓi ne mai ma'ana, muddin ya san cewa kusan ba shi da farashin sayarwa daga baya. Amma tunda abin da ya kashe kaɗan ne, abin da zai rasa ma kaɗan ne, ragowar kuɗin kuma yana iya sa su a zinariya ko a jari. Haɗarin shi ne a sayar wa mutum na masana'anta a farashin na haƙa, ko kuwa a sayar masa da shi a farashin shekarun baya. Ya kamata kuma ango ya gaya wa amarya irin wanda ya saya, don kada wata rana ta kai shi kasuwa ta ji abin da ba ta zata ba.

Na kwaikwayo kuwa ba lu'ulu'u ba ne sam. Akwai zakoniya, wadda ta shigo kasuwa a shekarun 1970, ta fi lu'ulu'u nauyi sosai kuma takan dushe da goguwa. Akwai kuma moisanait, wanda ya fito a 1998, mai tauri da walƙiya mai launuka. Ƙaramar na'urar gwajin nan mai kama da alƙalami, wadda ke auna yadda dutse ke ɗaukar zafi, takan yi ƙara a kan moisanait kamar yadda take yi a kan lu'ulu'u, kuma ba ta raba na haƙa da na masana'anta. Don haka ƙarar na'ura a kanti ba hujja ba ce. Gwajin tsaga gilashi ma haka, tunda dukkansu suna tsaga shi.

Game da asalin dutse, tun 2003 Tsarin Kimberley ya wajabta wa ƙasashe takardar shaida ga ɗanyen lu'ulu'u, bayan rawar da ya taka a yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola da Kwango. Wannan takarda ta ɗanyen dutse ce tsakanin ƙasashe, ba ta inganci ba ce. Duk wanda ya kawo wa ɗan kasuwa ɗanyun duwatsu a ƙunshi yana cewa daga Saliyo ko Gini suke, zai bayar da araha, to a guje shi, domin ko dai na fasa-ƙwauri ne ko kuma ba lu'ulu'u ba ne.

Ƙarfen Zobe Da Sharuɗɗan Ciniki

Masu sayen zinariya a Nijeriya sun saba da karat 21 da 22, amma waɗannan suna da taushi, ba sa riƙe dutse da kyau. Zoben lu'ulu'u yawanci da karat 18 ake yin sa, mai hatimin 750, ko karat 14 mai hatimin 585, ko filatinam mai hatimin 950. Farar zinariya shafe ake yi mata, kuma shafen yakan goge bayan 'yan shekaru sai an sabunta. 'Yan ƙugiyoyin da ke riƙe dutsen 4 ne ko 6, masu 6 sun fi aminci, kuma yana da kyau a riƙa kai zobe wajen maƙeri ya duba su. Lu'ulu'u ya fi kowane dutse tauri wajen karce, amma yana ɓallewa idan ya bugi abu mai ƙarfi ta wata kusurwa. Macen da ke aiki da hannu, kamar likita ko mai ɗinki, zoben da dutsensa ya nutse cikin ƙarfe ya fi dacewa da ita.

Wajen ciniki, a nemi a raba farashi gida 3: na dutse, na ƙarfe bisa giram, da kuɗin ƙira. Ta haka mai saye zai san wane ɓangare ne zai riƙe kuɗinsa. Ya kwatanta kantuna aƙalla 3 a kan dutse mai ma'aunai iri ɗaya da takarda iri ɗaya, ya kuma duba farashin irinsa a manyan kantunan intanet na waje, ya juya shi zuwa naira. Ya ce a fito da dutsen daga ƙarƙashin fitilun kanti, waɗanda aka tsara su don ƙara walƙiya, ya gan shi a hasken rana da cikin inuwa.

Masu zuwa Dubai sukan sami sauƙi saboda yawan kantuna da gasa a kasuwar zinariya ta Deira, amma su sa harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari a lissafi, wanda baƙo ke iya neman a mayar masa da mafi yawansa a filin jirgin sama, da kuma abin da kwastan za su nema a gida. Su tuna kuma cewa mayar da kaya daga Abuja zuwa Dubai ba ƙaramin aiki ba ne. A gida harajin kaya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun 2020, amma mai kanti yana kusa idan wata matsala ta taso.

Ko a ina aka saya, rasit shi ne makamin mai saye. Ya ƙunshi lambar takardar dutse, da nauyi da launi da tsabta da yanka, da bayanin ko na haƙa ne ko na masana'anta, da ko an yi masa gyara, da karat da nauyin ƙarfe. A rubuta yawan kwanakin da za a iya dawo da kaya a karɓi kuɗi, da sharuɗɗan gyaran girman zobe. Idan kanti ya yi alkawarin karɓar dutsen nan gaba a canza da babba, shi ma a sa shi a rubuce. Da irin wannan rasit ne mutum zai iya kai kuka gaban Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, ko gaban kotu. Zobe mai tsada kuma ya cancanci inshora, a adana takardunsa da hotonsa a wuri dabam da inda ake ajiye shi.

Daga ƙarshe, yana da kyau ango ya san ra'ayin wadda za ta sa zoben kafin ya biya kuɗi. Wata za ta fi son ƙaramin dutse tare da sarƙa da awarwaron zinariya waɗanda za ta iya juyawa ranar buƙata, wata kuma lu'ulu'un take so ko da ta san ba zai dawo da kuɗinsa ba. Duka biyun zaɓi ne mai kyau idan an yi shi da sani, kuma bai taɓa kuɗin da iyali za su fara zama da shi ba.